Aljihu a Tufafin Shiga Daji da Hawan Duwatsu: Yadda Ake Tsara Shi

1.0 Gabatarwa

Kalmar aljihu, wadda a wasu karuruwan harshe ake furtawa aljifu, Hausa ta aro ta ne daga kalmar Larabci al-jaib. Asalin ma'anarta a Larabci shi ne tsagar wuyan riga ta wajen ƙirji, daga baya ne ta ɗauki ma'anar wurin ajiya a jikin tufa. Wannan asali yana da amfani ga abin da za mu tattauna, domin har gobe aljihu tsaga ne. Duk wanda ya yi wa riga aljihu ya huda ta, ya ƙara mata nauyi, ya kuma buɗe wa ruwa da iska ƙofa. A rigar zaman gari wannan ba abin damuwa ba ne. Amma a tufafin da ake ɗinka wa masu hawan duwatsu, da masu doguwar tafiya a ƙasa, da masu fatsa, da masu gudu a kan dusar ƙanƙara, aljihun da aka sa ba bisa ƙa'ida ba yana iya jawo ɓatan taswira ko jiƙewar ashana, wani lokaci ma har da asarar rai.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda masu tsara irin waɗannan tufafi, waɗanda galibinsu a Turai da Amurka ta Arewa suke, suke yanke shawara a kan aljihu. Kafin a sa almakashi a yadi, akwai tambayoyi uku da sukan amsa. Ta farko, me za a sa a cikin aljihun? Ta biyu, wane hannu zai ɗauko shi, kuma mai hannun yana cikin wane hali? Ta uku, me rigar za ta rasa saboda wannan aljihu? Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan mu haɗa su a misali guda.

2.0 Abin da za a sa a ciki

A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alps, daf da iyakar Italiya da Ostiriya. Aka sa masa suna Ötzi, kuma bincike ya nuna ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. A jikin ɗamararsa ta fata an ɗinka ƴar zabira, a cikinta kuwa akwai ƙananan kayan aiki na ƙanƙarar dutse, da basilla ta ƙashi, da busasshen naman kaza irin wanda ake kunna wuta da shi. Mutumin yana ɗauke da kwari da baka da wasu kaya, amma abubuwan da ba zai iya rayuwa in babu su ba, kuma ƙanana ne masu saurin ɓata, su ya ajiye a inda hannunsa yake kaiwa. Ƙa'idar farko ke nan: aljihu wurin ƙaramin abu ne da ake bukata nan take. Abin da ya wuce haka na jaka ne.

Sojoji sun taka rawa sosai wajen mayar da wannan ƙa'ida tsari. A ƙarshen shekarun 1930 rundunar sojan Ingila ta fito da sabon kakin yaƙi. Wandon yana da babban aljihu a gaban cinyar hagu, wanda aka yanka daidai girman taswira idan an ninke ta, da kuma wani ƙarami a gaban ƙugun dama na bandejin ɗaure rauni. Amfanin ware wa bandeji wuri guda shi ne, idan soja ya faɗi, abokinsa ya san inda zai sa hannu ba tare da lalube ba. Haka nan a Amurka, a farkon shekarun 1930, wani shahararren mai fatsa, Lee Wulff, ya ɗinka wa falmaran aljihuna da hannunsa, domin mai kamun kifi da ke tsaye a tsakiyar rafi, ruwa har ƙugu, ba shi da inda zai ajiye akwatin ƙugiyoyinsa. Gajeriyar falmaran mai aljihuna a ƙirji da masu fatsa suke sawa a yau daga wannan dabara ta samo asali.

Ke nan mai tsara tufa yakan fara ne da auna abin da za a ajiye: tsawonsa, faɗinsa da kaurinsa. Sai ya ƙara sararin da yatsu za su kama shi. Idan aljihu ya yi wa abu kaɗan, ba zai shiga ba. Idan ya yi masa yawa, abin zai dinga yawo a ciki, ya kwanta a gicciye, ya dinga bugun jiki. Zurfi ma yana da nasa lissafi, domin aljihun da ba shi da zurfi yakan amayar da kayansa da zarar mutum ya zauna ko ya tsuguna. A shekarar 2018 mujallar intanet mai suna The Pudding ta auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20 a Amurka, ta samu cewa aljihun gaba na wandon mata ya gaza na maza tsawo da kashi 48 cikin ɗari. Macen da ke hawan dutse kuwa wayarta da taswirarta girmansu ɗaya da na namiji.

Ta fuskar ɗinki, aljihu iri uku ne suka fi yawa. Akwai na ɗori, wato ƙyallen da ake ɗorawa a bayan tufa a ɗinke gefe uku. Shi ya fi sauƙin ɗinki da gyara, amma abu mai faɗi marar kauri kawai yake ɗauka. Akwai na tsaga, inda ake tsaga yadin a rataya jakar aljihun daga ciki. Wannan ba ya kama reshe ko ƙaya, sai dai abin da aka sa a ciki jiki yake dannewa. Sai kuma mai zugazugi, wanda ake yi wa ninki a gefe kamar zugazugin maƙeri, ya kumbura waje idan an cika shi, ya lafe idan babu kome. Shi ya fi cin kaya, shi ne kuma ya fi nauyi da saurin sarƙewa a cikin duhuwa.

3.0 Hannu da halin da jiki yake ciki

3.1 Inda ake sa aljihu

Tela yakan auna mutum yana tsaye, hannuwa a sake. Amma mai tafiyar daji ba kasafai yake cikin wannan hali ba. Mai doguwar tafiya yana goye da jaka, jakar kuma tana da ɗamara mai faɗi da ke zagaye ƙugu domin ta sauke wa kafaɗu nauyi. Mai hawan dutse shi ma yana ɗaure da ɗamarar da ake ƙulla igiya a jikinta. Duka ɗamarun biyu suna bi ne daidai inda aljihun hannu na rigar sanyi yake zama. Idan aka bar shi a nan, ɗamara za ta rufe bakinsa, kuma duk abu mai tauri da ke ciki za ta danna shi a ƙashin ƙugu. Saboda haka a rigunan hawan dutse ake ɗaga aljihun sama, ya koma wajen haƙarƙari. Wanda ya sa irin wannan riga a gari zai ga kamar an yi kuskure, don sai ya lanƙwasa gwiwar hannu sosai kafin ya zura hannu. Ba kuskure ba ne, an yi ta ne domin mai ɗamara.

Akwai kuma aljihun ƙirji mai baki a tsaye kusa da tsakiyar riga, wanda masu sana'ar suke kira aljihun Napoleon, saboda hotunan sarkin Faransa ɗin nan da ake zanawa hannunsa cuse a ƙirjin rigarsa. Hannun dama ne yake ƙetarawa ya buɗe na hagu. Igiyoyin jaka da ke saukowa daga kafaɗa ba sa rufe shi, kuma ana iya buɗe shi da hannu ɗaya yayin da ɗayan yake riƙe da dutse ko sanda. Wannan tunani ne ya sa rigunan masu tseren babur na Ingila, irin su Barbour International, suke da aljihun ƙirji na hagu a karkace, domin hannun dama ya zaro taswira cikin sauƙi.

Masu tseren keke kuwa a gadon baya ake jera musu aljihu uku, can ƙasa wajen ƙugu. Dalili shi ne mai keke a sunkuye yake tafiya. Abin da aka sa masa a gaba zai rinjayi rigar ya dinga lilo, na baya kuwa a kan jiki yake kwanciya. A nan ɗalibi zai lura cewa babu wani wuri guda da za a ce shi ne mazaunin aljihu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Aljihun cinya yana da nasa sharaɗi. Yana da amfani ga wanda yake zaune, kamar direba ko mai tuƙa kwalekwale, domin a zaune aljihun ƙugu matsewa yake yi. Amma ga mai tafiya, duk abin da ke cinya sai ƙafa ta ɗaga shi ta sauke a kowane taku, kuma nauyin da ya yi nisa da tsakiyar jiki ya fi gajiyarwa. Don haka ake ajiye masa abu marar nauyi kamar taswira ko safar hannu, a kuma ɗan matso da shi gaba ko a yi masa ƙaramin aljihu a ciki da zai riƙe waya kada ta dinga dukan gwiwa.

3.2 Abin rufe baki

Hannun da ke buɗe aljihu a kan dutse sau da yawa a cikin safa mai kauri yake, ko kuma sanyi ya sandarar da yatsunsa. Wannan ya shafi zaɓin abin rufewa. Maɓalli yana da ƙarko, ba ya ƙara, kuma in ya tsinke allura da zare sun isa gyara shi a daji, amma ɓalle shi da safar hannu wahala ne. Zif, wanda Gideon Sundback ya inganta a Amurka har ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1917, yana rufe baki ruf, sai dai yashi da ƙura suna cinye shi, kuma in ya lalace a hanya gyaransa da wuya. Domin mai safa ya iya kama shi, ake ɗaura wa kansa ƴar igiya. Sai Velcro, wanda injiniyan Suwizalan George de Mestral ya ƙirƙiro bayan ya lura, a 1941, da yadda ƴaƴan wata ciyawa suke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa, kamar dai yadda ƙarangiya take yi. Shi ya fi saurin buɗewa, amma yana ƙara mai korar dabba, wadda maharbi da mai ɗaukar hoton namun daji ba sa so, kuma ƙarfinsa yana raguwa idan zare ko dusar ƙanƙara suka cika shi.

Hatta inda zif yake fuskanta abin lura ne. Idan bakin aljihu a tsaye yake, aka tsara shi yadda jan zif sama shi ne rufewa, to ko ya ɗan zame da kansa, ta sama zai buɗe, kaya kuma suna ƙasa. Idan aka juya shi, ƴar zamewa kaɗan ta isa makulli ya sulale.

4.0 Abin da riga take rasawa

4.1 Ƙarfi

Kusurwar bakin aljihu ita ce inda ja yake taruwa, kuma a nan yaga take farawa. Wani tela mai suna Jacob Davis, a garin Reno na jihar Nevada, ya magance wannan ta hanyar buga ƴan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwoyin aljihun wandunan leburori. Shi da ɗan kasuwa Levi Strauss suka sami takardar mallakar wannan dabara ranar 20 ga Mayu, 1873, kuma ƙusoshin nan suna jikin wandon jins har yau. A tufafin daji an fi maye gurbinsu da ɗinki mai yawa a gu ɗaya, inda keke yake kai da komo har zaren ya yi tudu. Matsalar ba baƙuwa ba ce ga maɗinkanmu: aikin da ake yi a wuya da babban aljihun babbar riga, ban da ado, yana ƙarfafa yadin a daidai inda hannu da nauyi suke ja.

Sojojin laima na Amurka sun koyi wannan darasi a yaƙin duniya na biyu. Kakinsu na 1942 yana da manyan aljihuna masu zugazugi, su kuwa sukan cika su da harsashi da abinci. Fizgar da laima take yi idan ta buɗe takan iya yaga aljihun da aka cika. Kafin dirar da suka yi a Normandi a watan Yunin 1944, an ƙara wa kakin da yawa daga cikinsu ƙyallen tamfol a wuraren da ke yagewa, aka kuma sa wa aljihun cinya igiyar ɗaurewa.

4.2 Ruwa

A 1969 Bob Gore ya gano hanyar miƙar da wani irin roba har ya zama fata mai ƙananan ƙofofi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya bi amma tururin gumi yana fita. Da ita ake yin yadin Gore-Tex. To amma yadi ko ya kai yaya wajen tare ruwa, allura tana huda shi, kuma kowane aljihu ƙarin ɗinki ne. Shi ya sa ake bin kowane layin ɗinki ta ciki da wani tef da ake mannawa da zafi. A wasu rigunan ma jakar aljihun manna ta ake yi, ba a sa mata allura ko kaɗan.

Bakin aljihu shi ne ɗaya ƙofar. Da can marfi ake yi masa, ya sauko ya rufe zif kamar indararo. A 1998 kamfanin Arc'teryx na Kanada ya fito da riga mai zif da aka shafe wa fuska da roba, abin da ya ba da damar cire marfin, riga ta rage nauyi. Irin wannan zif yana tare yayyafi da feshi, amma ruwa mai ƙarfi na dogon lokaci yana iya ratsa shi, musamman ta ƙarshensa na sama, inda ake ɗinka ƴar rumfa da kan zif yake shiga. Saboda haka abin da bai kamata ya jiƙe ba sam, kamar fasfo, a leda ake sa shi tukuna.

A wasu tufafin kuwa ba a ma ƙoƙarin hana ruwa shiga. Wandon mai kwalekwale ko mai ƙetare rafi dole aljihunsa ya cika da ruwa, don haka ake huda masa ƴar kafa a ƙasa ko a yi gindinsa da raga, ruwan ya tsiyaye. Akwai kuma rigunan da ake yin jakar aljihunsu da raga da gangan, yadda in zafi ya dami mutum sai ya buɗe aljihun iska ta shiga. Amma taura biyu ba ta taunuwa: aljihun da ke shigar da iska, in an bar shi a buɗe cikin ruwan sama, zai shigar da ruwa har jiki.

4.3 Zafi da nauyi

Sanyi mai tsanani yana rage ƙarfin batirin waya da na tocila, yana kuma daskarar da ruwan sha. Maganinsa aljihun ciki, wanda yake tsakanin abin ɗumi na riga da jikin mutum. Aljihun ɗumama hannu shi ma a bayan abin ɗumin ya kamata jakarsa ta zauna, in ba haka ba hannu zai kasance a ɓangaren sanyi. Game da nauyi kuwa, kowane aljihu yana zuwa da zif, da ƙyalle, da tef, yana kuma ninka yadi a inda gumi ya kamata ya fita. Wannan ne ya sa rigunan ruwa mafi sauƙi na masu gudu a tsauni suke da aljihu ɗaya tak, sau da yawa ma a cikinsa ake cusa rigar gaba ɗaya idan an tuɓe ta.

5.0 Misali: aljihun na'urar ceto

Masu gudu a kan dusar ƙanƙara a bayan gari suna fuskantar haɗarin zaftarewar dusar daga kan tsauni ta binne mutum. Kowannensu yana ɗauke da ƴar na'ura mai aika sigina a kan mita 457 kHz. Idan aka binne ɗaya, sauran sukan juya nasu na'urorin su koma nema. Lokaci a nan kaɗan ne, domin mafi yawan waɗanda ake tonowa cikin minti goma zuwa goma sha biyar na farko suna rayuwa, bayan haka kuwa damar takan faɗi da sauri saboda shaƙewa.

Ana rataya na'urar a ƙirji ƙarƙashin riga, ko kuma a sa ta a aljihun wando da aka tsara dominta. A wannan aljihu tambayoyinmu uku suka haɗu. Ta fuskar abin da ke ciki, an yanka shi daidai na'urar, kuma ba a haɗa ta da kome, domin waya da ƙarfe suna dagula sigina. Shawarar da ake bayarwa ita ce a raba su da aƙalla santimita 20 lokacin aikawa, da santimita 50 lokacin nema. Ke nan aljihun waya sai ya koma ɗaya ɓangaren jiki. Ta fuskar hannu, dole mai safa ya iya buɗe shi nan da nan. Ta fuskar ƙarfi kuwa, dusar da ta zaftaro tana iya yage aljihun ɗori ta tafi da shi, masu ceto su tono na'ura babu mutum. Saboda haka aljihun tsaga ake yi, mai zif, da madauki mai ƙarfi a ciki inda ake ƙulla igiyar na'urar.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa kowane aljihu ciniki ne: ana ba da wani abu na ƙarfin riga, ko sauƙinta, ko iya tare ruwanta, a karɓi saurin kai hannu ga abin da ake bukata. Idan babu takamaiman abin da za a ajiye, an biya ba a karɓi kome ba. Don haka masu tsara tufafi ba sa tsayawa a zane. Sukan ɗinka samfuri, a sa wa mutum, a cika aljihunan da ainihin kayan, ya goya jaka, ya sa safar hannu, ya tsuguna, ya ɗaga hannu sama, ya gwada ɗauko kowane abu ba tare da ya duba ba. Gani ya kori ji.

Irin waɗannan riguna suna isowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo, kuma da hunturu masu babur da masu gadi suna sayen su. Ɗalibi ya sami guda ɗaya ya duba ta da kyau. Ya ƙirga aljihunanta, ya faɗi irin ɗinkin kowanne, da abin rufe bakinsa, da tsayin da aka sa shi. Daga nan ya rubuta sakin layi biyu da Hausa yana bayyana wanda yake ganin an ɗinka rigar dominsa, da hujjojin da ya dogara da su.